Ƙululun da ke Ƙarƙashin Rawanin Mai Tudu

Da sunan wanda ya halicci giwa, ya halicci abin da ido ba ya gani, ya kuma ba ƙaramin ikon kayar da babban, da shi nake buɗe baki. Ku gyara zama. Mai ludayi a hannu ya ajiye tukuna, zai gode mini daga baya. Ni ne Cindo ɗan Barmo, mai yatsa shida a hagu, wanda in ya ba da baya kuke cewa rabin zancensa iska ne. Na ji, ban kuma musa ba. Sai dai na yau daga ɗaya rabin ya fito.

Muna da sauran ƙarfi ni da yayana Jatau muka bar gida neman arziki. Shi wanzami ne, yana da zabira da aska da ƙaho. Ni kuwa baki kawai gare ni, amma bai taɓa bari na kwana da yunwa ba. Muka yi gabas har gabas ta gaji da mu. Muka ƙetare kogin da ke komawa baya kowace Talata. Muka ratsa garin da mutanensa ke tuɓe inuwarsu su rataye a bakin ƙofa kafin su shiga ɗaki. Muka faɗa wani daji inda tsuntsaye ke kwaikwayon muryar uwar mutum don su janye shi daga hanya. A nan ne da labarina ya ƙare, domin wani tsuntsu ya kira ni da sunan da Inna kaɗai ke kirana da shi, na zubar da kaya na nufi cikin duhuwa. Jatau ya damƙi wuyan rigata, kwana uku bai saki ba, ina zaginsa yana ja, har muka fita. Ku riƙe wannan a ranku.

A shekara ta biyu muka iso Kwandarau. Dutse ne guda, tsaye kamar turmin da aka kife, gajimare a ƙugunsa, birni a bisa kansa. Ba matakala, ba hanya, da kwando da igiya ake hawa, da su ake sauka. Mutanen sama su ne 'yan Tudu, masu farar riga da farin haƙori, da maɓuɓɓugar ruwa mai sanyi a tsakiyar gari. Na ƙasa su ne 'yan Kwari, masu kiwon alade. 'Yan Tudu kuwa sun fi mu ƙyamar alade nesa ba kusa ba, ko sunansa aka ambata sai kowa ya tofar da yawu. Da muka ga haka muka dubi juna, muka ce ai mun zo gida.

Dokoki uku ke riƙe da garin. Ɗan Tudu ba ya taɓa tukunya, girki aikin na ƙasa ne, don haka kowace safiya ana jawo matan Kwari a kwanduna su yini suna dafa wa gari, da la'asar a mayar da su. Ɗan Kwari kuma ba ya taɓa ruwan Tudu, ko ɗigo, don kada ya gurɓata shi, in ruwa ake so a tukunya, ɗan Tudu ne zai zuba daga nesa. Ta ukun ita ce wadda ta hana ni barci har yau. Duk wanda farfaɗiya ta kayar a Tudu, sai su ce ya ci alade a ɓoye, tunda an san aladun Kwari da masu su kan faɗi haka. Sai a ba shi kwana bakwai ya yi ban kwana, a na bakwan a kai shi bakin dutse a tura shi ya je ya tarar da 'yan'uwansa.

Mu dai me ya shafe mu? Mun yi taka-tsantsan irin wanda malaminmu na gida zai yi alfahari da shi. Tunda ba mu san yankan garin ba, muka haramta wa kanmu nama baki ɗaya, ko na kaza. Abincinmu fura da kwaɗon ganye. Wata mata 'yar Kwari mai suna Sambiri ke yi mana, mace mai kawaici, mai hannu a girki. Da hannunta take mulmula furar, da hannunta take cakuɗa kwaɗon, kuma wallahi ban sake shan fura irin tata ba. Jatau yakan lashe ludayi ya ce, "Cindo, duk garin nan ba wanda ya kai mu tsarkin ciki. Ko hayaƙin tsire ba mu shaƙa ba."

Shekara uku muka yi. Askar Jatau ta yi suna har ya zama wanzamin Mai Tudu, wato shugaban garin kuma alƙalinsa, wani dogon mutum mai rawani kamar rumbu. A cikin shekarun nan na ga an tura mutum tara. Ba zan ɓoye muku ba, ina cikin 'yan kallo. Har nakan girgiza kai in ce, "Ka ga mutum da farar riga, ashe munafuki ne."

Ran nan da hantsi, a tsakiyar kasuwa, Jatau na tsugune yana wasa aska, sai na ji ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya sandare, ya faɗi, jikinsa ya hau karkarwa, idanu suka juye, kumfa na fita. Na rungume kansa ina kiran sunansa. Da na ɗaga ido, kasuwa ta ja da baya ta bar mu a fili kamar an share. Wani ya tofar da yawu. Wani ya ce, "Faɗuwar alade!" Kafin ya farfaɗo har dogarai sun iso.

Da azahar aka bar ni na gan shi ta tagar ɗakin da aka kulle shi. Harshensa ya kumbura inda ya cije.

Ya ce, "Cindo, kai ma ka yarda na ci?"

Na yi shiru na ƙiftawar ido ɗaya. Bai wuce haka ba, amma ya ga shirun.

"Haba Yaya," na ce.

"Ka makara da habar." Ya jingina da bango. "Kwano ɗaya muke ci shekara uku. In na ci, kai ma ka ci. Matso ka ji. Hannun wanzami yana sanin abin da riga ke ɓoyewa. Cikin mutum taran nan da aka tura, shida na taɓa yi musu ƙaho, kuma duk na ji wani ƙululu a ƙarƙashin fatarsu, kamar ƙwayar wake, ba zafi, yana gudu in ka danna. Ga biyu a damtsena, bara suka fito. Akwai kuma wani a ƙeyar Mai Tudu, inda rawani ya rufe. Ni kaɗai na san da shi."

"Mene ne shi?"

"Da na sani da ina nan? Sauka Kwari ka tambayi masu zama da aladen. Kwana bakwai gare ka, kuma yau ta riga ta karkata."

Ɗan Tudu ko baƙonsa ba ya sauka Kwari sai in turo shi aka yi. Na sami Sambiri tana haɗa tukwane, na roƙe ta. Ta ce, "Malam Cindo, uwata ce mai duba harshen alade a Kwari. In akwai mai sani, ita ce. Amma bakinta ba shi da linzami." Ta sa na naɗe a gindin kwando, ta kife mini babbar tukunya, ta zauna a kai. Mai jan igiya ya ce, "Ke Sambiri, yau kin ci abincin iyayen gidanki ne? Kin yi nauyi!" Ta ce, "Baƙin ciki ne, shi ma yana da nauyi." Haka na sauka daga sama, ina shaƙar ƙanzo, ina karanta duk addu'ar da na iya da wadda ban iya ba.

Kwari wuri ne mai damshi da duhun inuwar dutse. Aladunsu kowanne ya kai bijimi. Tsoron kwando ya riga ya murɗa mini ciki, don haka ina sauka na tambayi masai. Aka nuna mini bayan gari. Na sami wani kurmi na tsuguna. Ban gama gyara riga ba na ji huci, na waiga, sai ga aladu wajen goma sun kewaye ni, sun tsaya cikin ladabi suna jira, kamar masu jiran a sauke tukunya. Ban san lokacin da na hau bishiya ba, wando a hannu.

Daga ƙasa na ji wata dariya kamar ana kaɗa gwangwani. Wata tsohuwa ce, gajera, mai ido ɗaya fari.

"Sauko, ɗan nan, ba kai suke so ba, abin da ka bari suke so. A nan alade shi ne masai. Kai ne na Tudun da 'yata ta ɗauko a tukunya? Ni ce Dungurma. Sa wandonka, na ga wanda ya fi wannan."

Na gaishe ta da sunan Iya, na zayyana mata komai. Ta ja ni dandalin da ake yanka. Na ga aikinta. Ƙarti huɗu za su danne alade, a sa masa sanda a baki, ita kuma ta jawo harshen da tsumma, ta bi ƙarƙashinsa da yatsa. In ta ji sumul, ta ce a kai wa baƙi masu saye. In ta ji ƙwayoyi, ta ce, "Wannan na gida ne." Na gidan shi suke ci. Ga shi itacen Kwari duk sama ake kai shi don girkin 'yan Tudu, su ba su da na ɓarnatarwa, sai a nuna wa naman wuta a ɗauke, cikinsa ja wur.

Ta kama hannuna ta kai bakin wani alade. Na ja baya ina neman tsari.

Ta ce, "Yayanka ko tsarkin yatsanka? Zaɓi ɗaya. Ruwa yana wanke yatsa."

Na miƙa. A ƙarƙashin harshen na ji shi, ƙwayar wake, tana gudu in an danna.

Washegari da rana ta fito sosai Iya Dungurma ta kai ni bukkarta, ta warware wani ƙunshin fata. A ciki akwai wani abu garai-garai kamar ƙanƙara, girman ƙwan jimina. Ta ce idon wani kifi ne da kakarta ta tsinta a bakin tafki, wanda duk abin da ka ɗora shi a kai sai ya kumbura sau dubu. Na gwada a kan gashin hannuna, na ga kututturen dabino.

Ta fara da wata igiya fara, busasshiya, da ke rataye a jikin rufi, ta naɗe sau da yawa. "Ka san wannan?"

"Tsila ce, Iya. Muna da ita a garinmu. Amma ban taɓa ganin mai tsawon haka ba."

"Kamu goma sha biyar. Daga cikin mijina ta fito, Allah ya jiƙan rai, ta fi shi tsawo ta kuma fi shi ci. Wannan ita ce uwar. A hanjin mutum take zama, ba ta zama a na kowa. Dubi jikinta gaɓa-gaɓa. Na can ƙarshe in sun nuna sai su tsinke, su biyo bayan gida su fito."

Ta ɗauko wata ɗanyar gaɓa a kan ganye, fara, shimfiɗaɗɗiya kamar ɗan kabewa. Ban tambaye ta inda ta samo ba. Ta fasa ta da ƙaya, ta ɗora idon kifi. Jama'a, na ga ƙwai. Ba ɗari ba, ba dubu ba, kamar an zubar da buhun gero a masussuka. Kowanne da kauri a ɓawonsa, kuma a cikin kowanne akwai wani ɗan abu a dunƙule da ƙugiyoyi.

"Ƙirga ƙugiyoyin."

"Shida."

Ta dubi hannuna na hagu. "Ashe danginka ne. To, alade ya zo ya yi aikin da ka ga suna jira jiya, ya haɗiye su. Ɓawon ya narke a cikinsa, ɗan ya fito, ya sa ƙugiyoyin nan ya huda hanji, ya faɗa jini. Jini ya ɗauke shi kamar kwalekwale, ya ajiye shi inda ya ga dama, cinya, harshe, zuciya, wani lokaci cikin kai. A nan zai zauna wata biyu zuwa uku ya gina wa kansa 'yar jakar ruwa, ya cusa kansa ciki kamar yadda ake juya aljihu, ya kwanta jira. Shi ne ƙwayar da ka taɓa."

"Jiran me?"

Ta ciro ƙwaya ɗaya daga wani yankin harshe, fara, ruwa a ciki, da ɗigon fari a tsakiya kamar ƙwayar shinkafa. Ta jefa ta a ƙoƙon da ta zuba ruwan maɗaciya mai ɗumi. Muka zauna. Can sai ɗigon ya motsa. Ta ɗora idon kifi, na leƙa. Aljihun ya juyo waje a hankali, wani kai ya fito, da bakunan tsotso huɗu a gefe, da kambin ƙugiyoyi a bisa, yana lanƙwasa wuya hagu da dama yana neman abin kamawa.

"Ya ɗauka ya iso hanjin mutum," in ji ta. "Jiran da yake yi ke nan. Mutum ya ci naman da bai dahu ba, shi kuma ya maƙale, ya fara tsiro gaɓa. Kafin wata uku ya zama uwa, ya fara zubar da ƙwai. Daga mu zuwa alade, daga alade zuwa mu. Tun kakanni haka muke miƙa wa juna."

Na tashi tsaye. "To ai kin gama kashe shi, Iya! Yayana bai ci nama ba. Na rantse da abin da zai kashe ni, shekara uku ko romo bai sha ba!"

"Zauna, mai baki. Wa ya ce ya ci? Wanda ya ci naman, uwar yake samu a hanji, ta ci abincinsa, ta rame shi, amma ba ta kayar da shi. Wanda ya haɗiyi ƙwan kuwa, ɗan ba ya tambayar cikin wa ya shiga. Hudawa zai yi ya bi jini. Yayanka bai ci alade ba, ɗan nan. A gurbin aladen ya tsaya. Biyu sun sauka a damtse, wani ya wuce cikin kai. Yakan yi shekaru shiru, sai ran da ya fara lalacewa, kan ya kumbura a kewayensa, mutum ya faɗi."

"A ina zai sami ƙwan? Mu da ko Kwari ba mu taɓa sauka ba?"

A nan tsohuwar ta daina dariya. Ta jira har la'asar, kwanduna suka sauko. Ta kira 'yarta, ta kama hannunta na dama, hannun furar nan, ta sa ƙaya ta ƙwaƙulo abin da ke ƙarƙashin farce, ta shafa a ganye, ta ɗora idon kifi. Ba ta leƙa ba. Ni ta bar wa.

Guda huɗu na gani.

Sambiri ta dubi fuskata ta gane. Ta zauna a ƙasa ta ɓoye hannun a cikin zane. Ta ce, "Malam Cindo, daga safe har la'asar muna sama. In ciki ya matsa, bayan dutse muke zagawa, da ganye. Sau nawa na roƙi a zuba mini ko rabin moɗa a hannu? Sai a ce ruwan Tudu ba na wankin ƙazanta ba ne."

Na tuna kwaɗon, na tuna yadda nake suɗe kwano.

Iya Dungurma ta ce, "Zan ba ka idon kifi, da ƙwayoyi, da maɗaciya sabuwa ranar da za ka hau. Amma ka rantse sunan 'yata ba zai fito daga bakinka ba. In suka ji daga hannun mai girki ne, ita za su tura a madadinsa, gobe su kawo wata mai irin hannun." Na rantse. Sauran kwanakin na yi su ina juya abin a raina, yadda zan fid da Jatau ba tare da na sa Sambiri a gurbinsa ba. Ilimi na samu cike da kwando, amma ilimin da ba wanda ya roƙa, wa zai tsaya ya saurare shi a bakin dutse?

A rana ta bakwai na hau a ƙarƙashin tukunya, 'yar gorar maɗaciya a hammata don kada ta huce. Da hantsi gari ya taru a bakin dutse. Aka fito da Jatau, ya rame, ya dube ni sau ɗaya. Mai Tudu na zaune a kan kujera, rawani ya tokare sama.

Na faɗi na yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, ban zo roƙo ba. Na zo da kyauta. Faɗuwa takan makara, mai laifi ya yi shekaru yana cuɗanya da mutanen kirki. Na samo alamar da ke tona shi tun kafin ya faɗi."

Ya gyara zama. Na fito da ƙwayar harshen alade, na faɗi abin da take, jama'a suka tofar da yawu. Na jefa a maɗaciya, na ɗora idon kifi, manyan gari suka leƙa ɗaya bayan ɗaya suna salati irin nasu. Sannan na ɗauki askar Jatau, na kama damtsensa. Ya ce a hankali, "Ka san abin da kake yi?" Na ce, "Riƙe numfashi, Yaya." Na tsaga, na matso ƙwayar, na jefa. Kai ya fito, da bakuna huɗu da kambinsa, ba bambanci.

Mai Tudu ya tafa hannu. "Kun ga baƙon kirki! Ya tona ɗan'uwansa da hannunsa!"

"Ranka ya daɗe, wato duk wanda aka sami wannan a jikinsa, hukuncinsa ɗaya?"

"Ɗaya!"

"Ko wane ne shi? Na baya ba su ji ba."

Ya miƙe ya faɗa da ƙarfi har sau uku, ko wane ne shi.

Na juya ga jama'a na ce kowa ya shafa damtsen na kusa da shi, da wuya, da gadon baya. Da farko ana dariya. Sannan dariyar ta fara mutuwa daga gefe-gefe. Wata mata ta saki hannun mijinta ta yi ihu. Wani dattijo ya ji a jikin jikarsa ya rufe wurin da tafinsa. Shugaban dogarai ya ji a ƙirjinsa, sandarsa ta faɗi. Kafin rana ta ƙara taku ɗaya an sami sama da arba'in, duk masu farar riga, duk suna rantsuwar ba su taɓa cin alade ba, kuma duk gaskiya suke faɗa.

Na ce, "Saura wuri ɗaya ba a shafa ba, ranka ya daɗe."

Ya ce a kama ni. Ba wanda ya motsa. Shugaban dogaran ne ya ce, "Ranka ya daɗe, a warware rawanin." Mutum arba'in da danginsu suka ɗauka, a warware, a warware. Ya warware. Ga shi nan a ƙeya, ya fi na kowa girma.

"Maruru ne!" in ji shi. "Wanzami, faɗa musu maruru ne!"

Jatau ya ce, "Sai an tsaga ake sani, ranka ya daɗe."

Ba mai taɓa kan Mai Tudu sai wanzaminsa. Aka kwance Jatau, na miƙa masa aska. A nan ne na ga hannunsa na rawa, gefen bakinsa na motsi kamar ranar kasuwa. In abin ya zo masa da aska a wuyan mutumin nan, mu duka biyu mun tafi. Na matsa bayansa na damƙi wuyan rigarsa. Ya ja numfashi. Hannun ya tsaya cak, na ɗan lokaci kaɗan, ya yi tsaga ɗaya siririya, wadda ta fi duk wadda na taɓa gani kyau. Ƙwayar ta faɗo a ƙoƙo. Muka jira. Kai ya fito yana neman abin kamawa.

Na yi yawo a duniya, amma ban taɓa ganin ɗalibi mai saurin fahimta kamar Mai Tudu a wannan hantsin ba. Ya dubi ƙoƙo, ya dubi bakin dutse, ya ce, "Baƙo, kamar kana da wani bayani." Na yi masa tun daga uwa har ƙwai, daga ƙwai har jaka, bai katse ni ba ko sau ɗaya, har yana taya ni.

Sannan ya tambayi abin da nake tsoro. "Hannun wa ya kawo mana? Faɗi sunanta."

Matan Kwari na tsaye can nesa da tukwanensu. Ban dubi wajen ba.

Na ce, "Ba shi da suna, ranka ya daɗe. Hannun da ya roƙi ruwa aka hana shi ne. In kana neman wanda ya hana, ina jin ba sai an yi nisa ba."

Ya mayar da rawaninsa a karkace. A ranar aka kafa randuna a bakin kwanduna, da toka da sabulu. Aka ce rabin itace ya zauna a Kwari, a dafa nama har ya yi fari, a haƙa masai sama da ƙasa. Aka ce dokar turawa dama can ba a fahimce ta daidai ba ne. Jama'a na ta murna, sai wata tsohuwa ta ratso ta tsaya gaban kujera, ta ce, "To ɗana fa? Na bara?" Ba wanda ya amsa mata. Ni ma da nake da baki, na sunkuyar da kai, domin na tuna abin da na ce ranar da aka tura shi.

Muka mayar wa Iya Dungurma idon kifinta, muka kamo hanyar gida ba arziki. Jatau ya tsira daga dutse, amma abin da ke cikin kansa bai san an yi shari'a ba. Sau biyar ya faɗi a hanya, sau biyar ina riƙe da shi har ya dawo. Tsagar Mai Tudu ita ce ta ƙarshe, ya ba da zabirar, ya ce ba zai ɗora aska a wuyan ɗan mutane yana jiran abin da bai san ranar zuwansa ba. Shi ne dattijon nan da kuke gani a ƙofar gidanmu yana saƙar faifai, wanda ba a barinsa shi kaɗai kusa da wuta ko rijiya.

Ni kuwa kwano ɗaya muka ci da shi. Kawo hannunka, kai mai dariya, taɓa nan, ƙarƙashin haƙarƙarina. Ka ji ta? Tana gudu in ka danna. Wannan na san da ita, kowace safiya muna gaisawa. Wadda ban sani ba ita ce ko tana da 'yar'uwa a nan sama, cikin kaina.

To, ga furarku nan ta jiƙa, ku sha. Ni dai a kira mini wadda ta dama, a kawo buta da sabulu, in ga hannun tukuna.